Rabin DNA Ɗinka Kwafe-Kwafe Ne, Kuma Karanta Shi Aikinmu Ne Mu Masu Rubuta Manhaja

Shekara biyu da suka wuce wani dillalin shinkafa a Hadeja ya kawo mini tsohuwar manhajarsa ta lissafin buhuna da bashi, wadda wani ya rubuta masa kafin ni. Ya ce ta yi nauyi, in gyara. Da na buɗe kod ɗin sai na tarar da wasu layuka guda tara an kwafe su an liƙa a wuri talatin. Na yi dariya, na ce wannan aikin ɗan koyo ne. Na share duka na bar guda ɗaya. Manhaja ta tashi lafiya, na karɓi kuɗina, na hau mota na koma Kafin Hausa.

Bayan kwana uku sai ga kiransa, murya a sama: "Malam, me ka yi mini? Rasit ya daina nuna ragowar bashi!" Na kwana ina bincike. Ashe a cikin kwafi talatin ɗin nan akwai biyu da aka ɗan sauya musu wani abu, kuma su ne ke riƙe da lissafin bashi. Sauran ashirin da takwas kuwa da gaske ba sa aikin komai.

Na kawo labarin ne saboda jikina da naka, mai karatu, cike suke da irin wannan kod. Ban yi jami'a ba, a sakandare na tsaya, sauran a waya da kwamfuta na koya. Amma tun da na fara karatu a kan yadda aka rubuta DNA na ɗan Adam, ban ga wani fanni na kimiyya da ya yi kama da aikinmu kamar wannan ba. Ra'ayina shi ne matasan Arewa masu rubuta manhaja su shiga wannan fanni yanzu, domin ɓangaren DNA da ya fi wuyar karantawa aikin kwamfuta ne, kuma na mutanenmu kusan babu wanda ya karanta.

Fayil mai haruffa biliyan uku

DNA rubutu ne da haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Kwafi ɗaya na kundin halittar mutum yana da haruffa kusan biliyan 3.1. In ka ajiye shi a matsayin rubutu zalla zai ci kusan gigabait 3, wato ƙaramin memori na waya ma zai ɗauke shi.

A shekarar 2001 aka fitar da daftarin farko na wannan kundi. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, sassan da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin, wato abin da ke gina jiki yana tafiyar da shi, ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Kusan kashi 45 kuwa guntaye ne da ke maimaita kansu, waɗanda suka taɓa tashi daga wani wuri suka sauka a wani. Masana suna ce musu taranspozon. Ni zan kira su 'yan tsalle.

Iri biyu ne. Akwai masu yanke kansu daga wuri su liƙa a wani, kamar yadda kake yanke fayil daga wata jaka ka kai wata. Waɗannan a jikin mutum kusan kashi 3 ne, kuma sun daɗe da daina motsi. Akwai kuma masu kwafe kansu su bar na asali a inda yake, su ne suka cika gida.

Babbansu shi ne LINE-1. Cikakkensa yana da haruffa kusan 6,000, kwafinsa sun kai kusan 500,000, ya mamaye kusan kashi 17 na kundin. Yana ɗauke da kayan aikinsa: furotin da ke tsaga DNA ya kuma rubuta sabon kwafi a wurin. Yawancin kwafinsa sun gutsure ko sun lalace, kusan 100 ne kawai a jikin kowane mutum ke iya tsalle har yanzu.

Sai ƙaninsa Alu, mai haruffa kusan 300. Shi ba ya da kayan aiki ko ɗaya, na LINE-1 yake ara. Duk da haka kwafinsa sun haura miliyan ɗaya, kusan kashi 10 na kundin. Akwai kuma ragowar tsoffin ƙwayoyin bairos da suka shiga DNA na kakanni suka zauna aka yi ta gadonsu, su ma kusan kashi 8 ne.

Jiki bai zuba musu ido ba. Yana manna wa yawancinsu wata alama ta sinadari da ke hana a karanta su, kamar yadda muke sa alama a gaban layin kod don kada kwamfuta ta gudanar da shi. Layin yana nan, amma a kashe yake. Wani lokaci ɗaya yakan kuɓuce. Ƙiyasin masana ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 20 zuwa 40 ana samun jariri ɗaya da ya zo da sabon kwafin Alu wanda babu shi a jinin uwarsa ko ubansa.

Daga gonar masara aka gano su

Duk wanda ya taɓa ɓare masara ya ga ƙwaya mai ɗigo-ɗigon ja ko shuɗi a kan fari, ya ga irin abin da ya tona asirin 'yan tsalle. Wata masaniya 'yar Amurka, Barbara McClintock, ita ta zauna tana nazarin irin waɗannan ƙwayoyi a shekarun 1940. Ta gano cewa wani guntu ne ke shiga tsakiyar umarnin launi ya kashe shi, in ya fita launi ya dawo. Ta gabatar da wannan a 1951, aka saurare ta aka watse, domin a lokacin an ɗauka kowane abu a DNA a kafe yake wuri guda. Sai a 1983 aka ba ta kyautar Nobel, tana da shekara 81.

Masarar kanta, kusan kashi 85 na DNA ɗinta 'yan tsalle ne. Kakarta wata ciyawa ce mai rassa da yawa a ƙasar Meziko. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka mai da ita mai kara ɗaya a tsaye shi ne wani ɗan tsalle da ya sauka kusa da umarnin da ke hana rassa fita, ya ƙara masa ƙarfi. Manoman da suka zaɓi irin ba su san sunansa ba, amfanin suka gani.

Kachalar cikin jiki

Mu mutanen fadamar Hadeja muna da misalin da ya fi na kowa. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya riƙa gudana a kogi rani da damina, sai kachala ta samu wurin zama. Daga Hadeja zuwa Kirikasamma da Guri har Nguru ta toshe hanyoyin ruwa, ta sa ambaliya a nan, ta hana ruwa isa can, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa. Kachala ba ta yaɗu don ta taimaki manomi ba, kuma ba don tana gaba da shi ba. Ta yaɗu ne saboda ta iya yaɗuwa. Amma mutum ba ya rasa dabara: wani ya yanka ya yi shinge ko rufi, wasu suna gwada mai da ita abincin dabbobi da makamashin girki.

Haka 'yan tsalle suke. Ɓarnarsu a bayyane take. A 1988 Haig Kazazian da abokan aikinsa a Amurka suka binciki yara biyu masu cutar rashin daskarewar jini alhali babu tarihinta a danginsu. Suka tarar LINE-1 ne ya faɗa tsakiyar umarnin furotin da ke tsayar da jini. Daga nan zuwa yau an rubuta irin wannan faɗawa fiye da 100 da suka haddasa cututtukan gado daban-daban. A cikin ƙwayoyin kansa da yawa ma, alamar da ke kashe LINE-1 takan goge, ya farka ya yi ta tsalle.

Amfaninsu ma a bayyane yake. Mabiyiyar da ke ciyar da jariri a ciki tana da wani shimfiɗi da ke tsakanin jinin uwa da na ɗa. Furotin da ke narkar da ƙwayoyin sel su haɗe su zama wannan shimfiɗi, wanda aka bayyana a shekarar 2000, asalinsa daga ragowar wani tsohon bairos ne. Haka kuma garkuwar jiki tana iya ƙera makamai iri-iri har miliyoyi ta hanyar yanka guntayen DNA tana haɗawa, kuma almakashin da take amfani da shi, furotin biyu da ake kira RAG1 da RAG2, asalinsa daga wani tsohon ɗan tsalle ne da jiki ya horar.

Ba shara ba ne duka, ba taska ba ne duka

A 1972 wani masani, Susumu Ohno, ya yaɗa kalmar da ke nufin sharar DNA, kuma ta bi bakin mutane shekaru da dama. A 2012 kuma wani babban aikin bincike mai suna ENCODE ya sanar cewa kusan kashi 80 na kundin yana nuna wani motsi na sinadari, sai jaridu suka ce an binne maganar shara. Masana da dama suka ƙi yarda, suka ce motsi daban, amfani daban. Injin da aka bari a kunne yana ƙara, amma ba niƙa yake ba.

Ni ina ganin ɓangarorin biyu duk sun yi gaggawa. Wanda ya ce duka shara ne ya yi irin kuskurena a manhajar dillalin shinkafa. Wanda kuma ya ce kowane kwafi yana da muhimmin aiki, sai ya faɗa mana dalilin da ya sa DNA na albasa ya ninka na mutum kusan sau biyar. Ba a amsa wannan tambaya da jimla guda. Kwafi-kwafi ake bi: wannan yana ina, wa ke da shi, me ke faruwa in babu shi. Kwafin sun haura miliyan, don haka ba aikin hannu ba ne. A nan kwamfuta ke shigowa.

Inda na'ura ke tuntuɓe

Babu na'urar da ke karanta DNA daga farko har ƙarshe a tashi ɗaya. Ana daddatsa shi ne, a karanta guntayen, manhaja ta jera su. Na'urorin kamfanin Illumina, waɗanda suka fi yawa a duniya, sukan karanta haruffa kusan 150 a kowane guntu. To ka tuna Alu haruffa 300 ne, LINE-1 kuma 6,000. Ka ɗauki turmin atamfa mai zane ɗaya da ke maimaituwa, ka yayyanka shi ƙanana kamar tafin hannu, ka ba tela ka ce ya mai da kowane ƙyalle inda yake. Wannan ce matsalar. Saboda ita kusan kashi 8 na kundin ya zauna babu wanda ya karanta har shekarar 2022, lokacin da wata tawaga mai suna T2T ta fitar da cikakken kundi na farko, ta ƙara haruffa kusan miliyan 200.

Abin da ya taimaka musu shi ne na'urori masu karanta dogayen guntaye. Ɗaya daga cikin masu wannan fasaha ita ce MinION ta kamfanin Oxford Nanopore na Ingila. Girmanta bai wuce ƙaramar wayar hannu ba, ana jona ta da kwamfuta ta kebul ɗin USB. Tana zura zaren DNA ta wani ɗan mitsitsin rami, tana auna yadda wutar lantarki ke sauyawa, manhaja ta fassara sauyin zuwa haruffa. Guntu ɗaya yakan kai haruffa dubu goma ko fiye, ya haɗiye LINE-1 gaba ɗaya har da maƙwabtansa na hagu da dama. A 2015 an shiga da ita ƙasar Gini a cikin akwatin tafiya aka bi sawun cutar Ebola.

Ba cewa nake ka tara kuɗi ka saya ba. Farantin da ke cikinta ƙarewa yake, sinadaranta suna son sanyi, ga matsalar wuta da muka sani. Na'ura aikin cibiyoyi ne. Amma abin da take fitarwa fayil ne, kuma fayil namu ne.

Wannan ba sabon abu ba ne. A shekarar 2000, wanda ya rubuta manhajar da ta jera daftarin farko na aikin gwamnati shi ne Jim Kent, ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya ta Santa Kurus, wanda kafin nan sana'arsa rubuta manhajar zanen katun ce. Cikin kusan wata guda ya rubuta ta, aka gudanar da ita a kan kwamfutocin tebur guda 100.

Ina namu a ciki?

Kundin da duniya ta daɗe tana auna kowa da shi, kusan kashi 70 nasa daga mutum ɗaya ne mazaunin birnin Buffalo na Amurka. A 2019 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins suka duba DNA na mutum 910 'yan asalin Afirka, suka sami haruffa kusan miliyan 300 da babu su a wancan kundi. A babban aikin nan na karanta DNA na mutum sama da 2,500 daga al'ummomi 26 na duniya, daga Najeriya Yarabawan Ibadan da Esan ne suka shiga. Babu Hausawa, babu Fulani, babu Barebari, babu Badawa. A 2020 shirin H3Africa ya karanta na mutum 426 daga ƙabilu 50 na Afirka, ya sami bambance-bambance fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba.

Me ya sa wannan ya shafi 'yan tsalle? Saboda kwafin da ya sauka a jikin kaka ɗaya yana iya bazuwa a zuriyarsa kaɗai. A tsibirin Panay na ƙasar Filifin akwai wata cutar jijiya mai murɗe jiki da ke kama maza, an gano ɗan tsalle ɗaya ne da suka gada. A Japan ma akwai wata cutar raunin tsoka ta yara mai suna Fukuyama, ita ma haka. An gano su ne domin an duba mutanen wurin. Mu al'umma ce mai auren zumunci, inda abin da ke ɓoye a dangi yakan haɗu ta uwa da ta uba. Gwajin da aka tsara da bayanan wasu mutane zai iya wuce abin da ke jikinmu bai gani ba, likita ya ce sakamako lafiya lau, yaro kuma yana kwance.

"Muna fama da maleriya, kana maganar Alu?"

Wani abokina ya faɗa mini haka, kuma yana da hujja. Sikila da ta addabe mu ma ba 'yan tsalle ne suka kawo ta ba, sauyin harafi ɗaya ne. Ruwan sha da gidan sauro sun fi gaggawa, ban musa ba.

Amma ƙwarewar ɗaya ce. Ƙwayoyin bakteriya suna miƙa wa juna umarnin jure magani a kan 'yan tsalle: akwai mai ɗauke da jure amfisilin, akwai mai ɗauke da jure tetirasaikilin, kafson nan ja da rawaya da ake saye a kemis kamar alewa. A ƙudan 'ya'yan itace an tabbatar cewa ɗan tsalle ne ya sauka gaban wani umarni ya ba su ƙarfin jure maganin ƙwari na DDT. Gero da dawa da muke ci, fiye da rabin DNA ɗinsu maimaici ne. Wanda ya iya farautar Alu a fayil ɗin mutum zai iya farautar waɗannan a fayil ɗin ƙwayar cuta, ko sauro, ko irin shuka. Kuma a Najeriya ana yi: a watan Maris na 2020 cibiyar ACEGID da ke Ede a jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, tare da abokan aikinta, ta fitar da kundin ƙwayar korona na farko a Afirka.

Akwai wani tsoron da ya fi wannan nauyi. Mutanenmu ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba. Duk wanda ya zo neman jini dole a tambaye shi ina za a kai. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan DNA cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Sai dai doka ba ta karanta fayil. In ba mu da 'ya'yanmu da suka san abin da ke ciki, da inda aka ajiye, da wanda ke da mabuɗi, to ko mu ƙi bincike gaba ɗaya mu yi asara, ko mu miƙa hannu ido a rufe. Duka biyun ba su yi ba.

Abin da za ka iya yi a daren nan

Shiga rumbun bayanan DNA na Jami'ar Santa Kurus, wanda ake kira UCSC, ka sauke fayil ɗin kuromosom na 21 na kundin hg38. A matse bai kai megabait 15 ba. In ka buɗe za ka ga wasu haruffa manya, wasu ƙanana. Ƙananan su ne sassan da manhaja ta gane maimaici ne. Rubuta layuka goma na Python su ƙirga maka, ka tsallake harafin N domin shi gurbi ne. Ni da na yi a tsohuwar kwamfutata, da cajin sola, na ga sun tasam ma rabi, na daɗe ina kallon allon.

Daga nan sai ka wuce shafin Rosalind, mai ba da tambayoyin kod a kan DNA daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ka koyi Linux. Ka duba RepeatMasker da rumbun Dfam, sannan minimap2 da samtools da ke GitHub kyauta. In kwamfutarka ba ta da ƙarfi, dandalin Galaxy yana ba ka damar gudanar da aikin a kan nasu injin.

Ga hukumomi kuma ina da roƙo biyu. Jami'ar Sule Lamido tana nan Kafin Hausa tun 2013, ga Jami'ar Tarayya a Dutse. Su haɗa ɗaliban kwamfuta da na nazarin halittu a aji ɗaya ko da na zango guda ne, su kuma buɗe ƙofa ga irinmu da ba mu da digiri amma muna da kod da za mu nuna. Hukumar NITDA, wadda ɗan Hadeja Kashifu Inuwa Abdullahi ya fara jagoranta a 2019, da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku, su sa nazarin bayanan halitta cikin darussansu. Ba kowa ne zai ƙare a gina shafin kasuwanci ko manhajar POS ba.

Dillalin shinkafar nan har yau ni ke kula da manhajarsa. Kwafi biyun na mai da su, na rubuta bayani a saman kowanne don wanda zai zo bayana. Ashirin da takwas ɗin ban dawo da su ba, amma sai da na gwada su ɗaya bayan ɗaya kafin na yarda ba sa komai. Irin wannan aikin ne ke jiran a yi wa DNA na mutanen Kafin Hausa, Auyo da Hadeja, kuma kwafin da ke ciki sun haura miliyan. Sauke fayil ɗin ka fara ƙirga.